Bayan An Kwance Rumfa: Aikin Shugaba a Taron Neman Taimako

(Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan ƙungiya ya gabatar a taron shekara-shekara, lokacin da ake shirin ƙaddamar da asusun gyaran ɗakunan kwanan ɗalibai.)



Mai girma shugaban taro, iyayenmu hakimai da dagatai da suka amsa gayyatarmu, shugaban makaranta da mataimakansa, malamanmu na da da na yanzu, yayyenmu da suka riga mu zama a waɗannan azuzuwa, ƙannenmu ɗalibai, ina yi wa kowa barka da zuwa, ina kuma roƙon Allah ya saka wa kowa da alheri bisa wahalar hanya da ya sha.

Ranar da kwamitin shirye-shirye ya aiko mini da takarda cewa ni zan yi magana yau, sai da na sake duba sunan da ke bayan ambulan, domin a cikin ɗakin nan akwai waɗanda suka gama makarantar nan tun ban zo duniya ba. Amma tun da manya suka ce in tashi, na tashi. Ina neman afuwa tun yanzu idan harshe ya zarme.

Kowa ya sani ƙungiyarmu ta yanke shawarar ƙaddamar da asusun gyaran ɗakunan kwanan ɗalibai. Wanda ya zagaya da safen nan ya gani da idonsa: kwano ya tsatsa, silin ya rufto, tagogi babu ƙyaure, kuma yara na haɗa gadaje a kusurwa ɗaya idan hadari ya taso. A zama biyu da kwamiti ya yi, mafi yawan lokaci ya tafi ne a kan tambaya ɗaya, watau wa za a gayyato ya zama babban mai ƙaddamarwa, wa kuma zai zama uban taro. A kan wannan tambaya nake so in ce wani abu. Abin da na gani da idona shi ne, asusu yakan cika ne a makonnin da ke biyo bayan taro, lokacin da aka kwance rumfa, aka mayar da kujerun haya, baƙi suka koma garuruwansu. Saboda haka shugaban da ya kamata mu nema shi ne wanda zai tsaya tare da mu a waɗannan makonni.

Kafin in shiga labarin, ya kamata mu tuna abin da ya sa muke miƙa ƙoƙo a ƙofar junanmu. A 1993 gwamnatin soja ta kafa dokar da ta ɗora wa kamfanoni harajin ilmi na kashi 2 cikin 100 na ribarsu, kuma asusun da aka kafa da wannan kuɗi ya riƙa yin ayyuka tun daga firamare har jami'a. A 2011 aka sauya dokar, asusun ya koma na manyan makarantu kaɗai. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 kuwa ta tsaya ne a kan firamare da ƙaramar sakandare. Babbar sakandare irin tamu, da ɗakunan kwananta da ɗakin gwaje-gwajenta, ta dogara ne ga abin da kasafin kuɗin jiha ya iya ware mata, alhali makarantu suna da yawa. Daɗin daɗawa, tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, darajar naira kuma ta faɗi, kayan gini suka yi tashin gwauron zabo. A farkon 2024 buhun siminti ya zarce naira 10,000 a kasuwanni da yawa, alhali shekara guda kafin nan bai kai rabin haka ba. Ma'anar wannan a wurinmu ita ce, alƙawarin da aka yi yau aka biya baɗi ya riga ya rame a hanya.

Dukkanmu mun halarci irin taron da nake nufi. A kafa rumfuna, a jera kujeru, a ɗauko lasifika. Ɗalibai su yi layi cikin rana tun ƙarfe goma, babban baƙo ya iso bayan azahar. Mai gabatarwa ya yi ta jero masa laƙabi, shi kuma ya tashi ya ambaci miliyan kaza, a yi tafi, maroƙa su ɗauka. Daga nan sai gasa ta tashi, kowa na duban na kusa da shi. A tashi ana murna, a ce an tara kuɗi masu yawa. Bayan wata uku ka tambayi ma'aji, sai ya sunkuyar da kai.

Irin wannan ta faru a garinmu shekaru kaɗan da suka wuce. Iskar farkon damina ta yaye rufin azuzuwa uku a makarantar firamaren da na yi. Mu 'yan bokon garin muka haɗu, muka kafa kwamiti, muka gayyato wani attajiri ɗan asalin yankin da ke zaune a birni. Hakiminmu ya zo a matsayin uban taro, aka zaunar da shi a kujerar gaba, aka ba shi minti biyar ya sa albarka, ya sa, ya koma gida. Ba wanda ya nemi shawararsa kafin taron, ba wanda ya koma wurinsa bayansa. Abin da ya shigo hannu a ranar, rumfa da abinci da man janareta suka cinye mafi yawansa. Damina ta ƙare, wata ta zo, yara suna karatu a gindin darbejiya, ranar da aka yi ruwa kuwa a sallame su.

Ba zan ɓoye nawa laifin ba. A lokacin ban daɗe da fara aikin gwamnati ba, abokan karatuna kuma suna zaune a layin da nake. Da aka zo kanmu na ɗaga hannu na yi alƙawarin albashin wata biyu. An yi mini tafi, na ji daɗi ƙwarai. Ban biya ko kwabo ba, kuma na daina bin hanyar da ta ratsa ta gaban makarantar.

Da damina ta biyu ta wuce sai hakimi ya aiko a kira mu. Dattijo ne mai ƙarancin magana, ya taɓa koyarwa kafin a naɗa shi. Muka durƙusa a zaure muka yi gaisuwa. Ya sa hannu ƙarƙashin buzunsa ya zaro takardar alƙawuran da aka rubuta ranar taro, ashe ya sa an kwafo masa tun lokacin. Ya ce, "Kun gayyace ni na sa albarka, na sa. Yanzu ina so ku gayyace ni aiki."

Abu na farko da ya yi shi ne ya sa sarkin magina da wani kafinta suka je suka auna azuzuwan, suka rubuto bandir nawa na kwano ake bukata, katako nawa, ƙusa nawa, siminti buhu nawa, da ladan aiki. Mu da muka yi jami'a mun kira taron neman kuɗi ba tare da mun san nawa muke nema ba. Da lissafin ya fito sai ga shi bai kai ko rabin abin da aka ambata a lasifika ba.

Abu na biyu, ya ce ni zan riƙe littafi. Da jama'a suka watse ya tsayar da ni, ya nuna mini sunana a cikin takardar. Na ce, "Ranka ya daɗe, wallahi abin ne ya fi ƙarfina." Ya ce, "Na sani, ɗana. Nawa za ka iya cirewa duk wata ba tare da an kwana da yunwa a gidanku ba?" Na faɗa masa. Ya ce in raba bashin wata goma, in fara daga ƙarshen watan nan, domin sakataren da sunansa ke cikin masu bashi ba shi da bakin tambayar kowa. Sannan ya kawo nasa kuɗin, ba mai yawa ba ne, ya ce in rubuta masa rasit mai lamba ɗaya. Daga ranar duk wanda ya kawo wani abu sai ya ce a ba shi rasit, tun da hakimi ma ya karɓa.

Abu na uku, ya buɗe ƙofa ga waɗanda ba su da tsabar kuɗi. Ya tara dagatai da masu unguwanni ya ce kowa ya sanar da mutanensa cewa ana karɓar abin da mutum ke da shi. Da kaka ta yi manoma suka kawo gero da dawa da wake, kwano-kwano da tiya-tiya, aka haɗa a buhuna, sarkin kasuwa ya sayar ranar kasuwa a gaban shaidu. Masu tifa biyu suka zubo yashi. Mata suka aiko da nasu ta hannun uwar adashensu. Matasa suka yi gayyar ɗebo ruwa da kwaɓa siminti, mahauta suka ciyar da su ranar ɗora katako. A taron farko waɗannan mutane suna tsaye ne a bayan rumfa suna kallo, domin ba wanda zai tashi ya ambaci tiya biyu ta gero bayan an ambaci miliyan.

Abu na huɗu shi ne bibiya. Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci nakan je zaurensa in karanta abin da ya shigo da abin da ya fita. Wanda ya yi alƙawari bai cika ba, hakimi bai taɓa kiran sunansa a bainar jama'a ba. Sai dai ya aika masa ɗan aike da goro, a ce hakimi yana gaisuwa, yana kuma tambayar lafiyar iyali. Kowa ya san ma'anar goron nan. Shi kuwa attajirin birni, da yawanmu mun riga mun yanke masa hukunci, muna cewa suna kawai ya zo nema. Hakimi ya shiga mota da kansa, ya ɗauke ni da takardar lissafi da hotunan azuzuwan, muka same shi. Abin da mutumin ya faɗa ya sa na ji kunya. Ya ce tun ranar taro ba wanda ya zo masa da takarda ko lambar asusun banki, sai mutane biyu da suka zo daban-daban, kowa na cewa shi aka aiko a ba shi kuɗin a hannu, shi ya sa ya kame. Bai ba da duk abin da ya ambata ba, amma ya sayi kwanon rufin gaba ɗaya ya aiko da shi a mota.

Abu na ƙarshe, da aka gama aiki hakimi ya sa aka karanta lissafi a ƙofar masallacin Juma'a, aka kuma liƙa kwafi a ƙofar ofishin hedimasta. Ɗan abin da ya rage na ba da shawara a saya masa kyauta ko a zuba masa man tafiyar da ya yi. Ya ce, "Malam sakatare, gero tiya biyu na tsohuwa ne za ka zuba mini a tanki?" Aka sayi alluna da alli da ragowar.

To, jama'a, me ya ba dattijon nan ikon yin abin da mu muka kasa? Ba shi da baitulmali, ba shi da ɗan sanda. A zamanin En'e hakimi ne ke tara haraji da jangali, maganarsa kuma doka ce a gundumarsa. Sir Ahmadu Bello kansa, bayan ya gama Kwalejin Katsina ya yi koyarwa a Sakkwato, hakimcin Rabah aka ba shi a 1934. Amma a ƙarshen shekarun 1960 aka karɓe 'yan doka da gidajen yari da kotunan alƙalai daga hannun En'e. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya mayar da mulki hannun majalisun ƙananan hukumomi. A 1979 kuma gwamnatocin Alhaji Abubakar Rimi a Kano da Alhaji Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali. Abin da ya rage wa hakimi shi ne mutunci da sanin jama'a. Ya san wanda ya yi noma mai kyau bana da wanda gobara ta ci rumbunsa, ya san wanda ake aika wa goro da wanda sai an je da ƙafa. Taron neman taimako kuwa waɗannan abubuwa biyu yake bukata.

Ƙasar nan ta ga amfanin haka a babban aiki. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a wasu jihohin Arewa saboda shakkun jama'a, jihar Kano ba ta koma ba sai a 2004. A 2009 aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a matakin farko, bisa jagorancin Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar. Daga nan dagatai da masu unguwanni suka riƙa raka ma'aikatan rigakafi, suna komawa gidan da aka ƙi buɗe ƙofa su yi magana da maigida. A Agustan 2020 aka tabbatar da cewa nahiyar Afirka ta rabu da nau'in ƙwayar cutar na daji. Bukin ƙaddamarwa an yi shi da yawa, amma komawa gida-gida ce ta gama aikin.

Sai dai kuma, don kada a ce na zo yabo ne kawai, akwai wurare huɗu da ya kamata mu yi hattara.

Na farko, tilas. Idan mai unguwa ya fara yanka wa kowane gida abin da zai biya, an koma harajin da aka soke ke nan da wani suna, kuma talaka zai biya yana tsine wa makarantar a zuci. Taimako sai da yardar mai shi.

Na biyu, siyasa. Idan zaɓe ya gabato masu neman kujera sukan yi rububin irin wannan taro. Ba mu hana kowa taimakon makaranta ba, amma idan aka bari taro ya ɗauki launin jam'iyya ɗaya, rabin gari zai janye hannunsa, uban taro kuma ya shiga tsaka mai wuya.

Na uku, alƙawarin hukuma. A nan zan yi magana da ɗan abin da na sani a ofis. Idan shugaban ƙaramar hukuma ko wakilin ma'aikata ya tashi ya ce hukuma ta ba da kaza, kuɗin ba ya cikin aljihunsa. Sai an rubuta takarda, an buɗe fayil, an ga akwai gurbin abin a kasafin shekarar, mai ikon amincewa ya sa hannu, an rubuta baucan biya, sannan a jira a saki kuɗi. Idan shekarar kasafi ta ƙare ba a saki ba, ko aka canja mai kujerar, sau da yawa sai an soma daga farko. Saboda haka duk alƙawarin hukuma a nemi a rubuce, a bi shi cikin mako guda, kuma kada a sa shi cikin lissafin abin da aka samu sai ya shiga banki.

Na huɗu, mu ji tausayin iyayenmu sarakuna. Hakimi ɗaya yakan sami gayyata da yawa a wata guda: saukar Alƙur'ani, ginin masallaci, gasar ƙwallo, ranar ba da kyaututtuka, ɗaurin aure, kuma ko'ina ana sa ran ya sa hannu a aljihu. Albashinsa bai kai yadda mutane ke zato ba. Abin da ya fi kuɗinsa amfani a gare mu shi ne lokacinsa da kalmarsa.

Bisa ga wannan, ina roƙon taro ya duba waɗannan shawarwari. A fara da ƙiyasin aiki daga masana gini, a cikinmu ma akwai injiniyoyi da masu ƙididdigar kayan gini, a buga shi a raba wa kowa kafin ranar taro. A je wurin hakimin wannan gunduma tun yanzu, a nemi ya shugabanci kwamitin bibiya na wata shida, tare da shugaban makaranta da wakilin ƙungiyar iyaye da malamai. A buɗe asusun banki da sunan ƙungiya, mutum uku su riƙa sa hannu, kada kwabo ya shiga asusun wani mutum komai amincinsa. Kuɗin rumfa da abinci mu 'yan kwamiti mu ɗauka daga aljihunmu. Duk wanda zai yi alƙawari ya cika 'yar takarda mai ɗauke da adadi da ranar biya, kuma a yarda wa ma'aikaci ya biya kaɗan-kaɗan duk wata. A karɓi siminti da kwano da katifa da aikin hannu, a ba da rasit a kan kowanne. Abin da za a sanar a lasifika ya zama kashi biyu, abin da ya shigo hannu daban, abin da aka yi alƙawari daban. Daga ƙarshe a buga cikakken lissafi a mujallarmu ta baɗi.

Ban ce kada a gayyaci manyan baƙi ba. A gayyace su, a karrama su, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma da yawansu suna da niyyar alheri, hanyar da za su amince da ita suke nema. Shugaban da jama'a suka yarda da shi, mai littafi a buɗe, shi ne wannan hanya.

Yayyena da abokaina, akwai sauran watanni kafin hadari ya fara haɗuwa a gabas. Yaran da ke kwana a waɗancan ɗakuna suna zaune a bayan ɗakin taron nan suna jin abin da muke faɗa, kuma za su tuna. Hausawa sun ce alƙawari kaya ne. Ni na taɓa ɗaukar wanda ya fi ƙarfina, na sha nauyinsa shekara biyu, sai da wani dattijo ya taimake ni na sauke. Ranar ƙaddamarwa kowa ya ɗauki daidai wuyansa, ya kuma kai shi inda za a sauke.

Allah ya ja zamanin iyayenmu sarakuna, ya jiƙan malamanmu da 'yan'uwanmu da suka riga mu gidan gaskiya, ya sa abin da za mu bayar ya zama sadaka mai gudana, ya kuma mai da kowa gidansa lafiya.